Muhawara: Shin zaman intabiyu na rabin awa ya isa a gane halin mutum?

Shugaban Makaranta, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Ina riƙe da wata ƙaramar makarantar kuɗi a nan Birnin Kebbi, kuma ranar Asabar mai zuwa za mu zauna intabiyu domin ɗaukar malamai 3 da mai karɓar kuɗi 1. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu daɗewa a wannan harka, saboda abin da ya same ni bara.

Bara na halarci wata bita ta kwana biyu, inda aka koya mana cewa halin mutum a jikinsa yake rubuce. Aka ce wanda ya kalle ka cikin ido mai gaskiya ne, wanda ya sunkuyar da kai akwai abin da yake ɓoyewa, wanda ya harɗe hannuwa a ƙirji mai taurin kai ne, kuma wai kashi 93 cikin 100 na saƙon da mutum ke isarwa daga murya da motsin jiki yake fitowa. Aka kuma ba mu wata takarda da ta kasa mutanen duniya gida 16, kowane gida da haruffansa huɗu.

Da wannan ilimi na dawo na yi intabiyun mai karɓar kuɗi. Mutum biyu suka kai zagayen ƙarshe. Na farko saurayi ne mai fara'a, ya shigo da kuzari, idonsa cikin nawa, Turancinsa babu gargada. Ta biyu yarinya ce da tun shigowarta har fitarta ba ta ɗaga kai ba, muryarta sai na karkata kunne nake ji. Na ɗauki saurayin. Kafin zango na biyu ya ƙare, rasit da littafin shigar kuɗi suka daina daidaituwa, iyaye suka fara zuwa da shaidar biya wadda ba ta cikin lissafinmu, dole muka rabu. Yarinyar kuwa na samu labarin tana riƙe da kuɗi a wani kantin magani, kuma mai kantin ba ya gajiya da yabonta. Har yau abin yana damuna, domin kuɗin iyaye amana ce a wuyana, kuma ina jin na zalunci yarinyar nan. Tambayata ita ce, a cikin magana da motsin mai neman aiki, me ya kamata in duba, me kuma ya kamata in watsar?

Tsohon Daraktan Ma'aikata, Argungu:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya mayar da alheri. Na yi shekara 35 a aikin gwamnati, tun muna ƙarƙashin tsohuwar Jihar Sakkwato kafin a ƙirƙiro Kebbi a 1991, kuma na zauna a kwamitin tantancewa sau da yawa. Ina so in fara da kare alamun jiki kaɗan, kada fushin abin da ya faru ya sa ka zubar da su gaba ɗaya. Magabatanmu da suka ce labarin zuciya a tambayi fuska ba su faɗa don wasa ba. Kuskurenku a wajen bitar shi ne an nuna muku alamun da kowa ke iya kwaikwayo, aka bar waɗanda mutum ba ya tuna cewa ana kallonsa a kansu.

Ni a lokacina, kafin mai neman aiki ya shigo na riga na tambayi masinja yadda suka gaisa a waje. Akwai wanda zai durƙusa wa kwamiti har ƙasa, alhali mintina biyar da suka wuce ya daka wa dattijon masinja tsawa. Sannan ina saurarar yadda yake ambaton wurin da ya baro. Wanda duk ubangidan da ya taɓa yi azzalumi ne, duk abokan aikinsa mahassada ne, shi kaɗai ne wankakke, to ka sani kai ne azzalumi na gaba a labarinsa. Ina kuma lura da inda yake sa "ni" da inda yake sa "mu". Wasu in an yi nasara sai su ce "na yi", in an yi asara su ce "aka yi". Abu na ƙarshe da na fi ba muhimmanci shi ne in yi tambayar da na san ba zai sani ba. Wanda ya ce "ranka ya daɗe, ban sani ba" ya ba ni labari mai daɗi game da kansa, wanda kuwa ya shiga kame-kame yana ƙera amsa, haka zai ƙera lissafi ranar da kuɗi suka ɓace.

Malamar Kwalejin Ilimi:

Baba Darakta, Allah ya ƙara girma. Ina koyar da ilimin halayyar ɗan Adam, kuma ina neman izini in taɓo abubuwan da aka koya wa Malam, domin kowanne yana da asali, sai dai an ɗauke shi daga inda ya dace.

Maganar kashi 93 ta fito ne daga binciken wani masani a Amurka, Albert Mehrabian, a 1967. Abin da ya gwada ƙarami ne ƙwarai: a furta kalma guda ɗaya da murya iri-iri, a haɗa da hoton fuska, sannan a tambayi mai sauraro ko mai maganar yana nuna so ko ƙi. A wannan yanayi ne ya samu kashi 7 ga kalma, 38 ga murya, 55 ga fuska, kuma shi da kansa ya yi gargaɗin cewa lissafin bai shafi kowace irin magana ba. Da gaskiya ne yadda ake yaɗa shi, da wanda bai iya Zabarmanci ba zai shiga kasuwar Kamba ya fahimci kusan duk cinikin da ake yi ta kallon fuskoki kawai.

Batun ido ya fi wannan hatsari. An yi wani babban bincike a ƙasashe 58, aka tambayi mutane yadda ake gane maƙaryaci, amsar da ta fi yawa ita ce yana kawar da ido. Amma da Bella DePaulo da abokan aikinta suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a 2003, sai ya bayyana cewa kawar da ido ba ya bambanta mai ƙarya da mai gaskiya. A 2006 kuma ita da Charles Bond suka haɗa bincike 206, suka gano cewa mutane na bambance ƙarya da gaskiya daidai ne a kusan kashi 54 cikin 100 na lokuta, wato ɗan sama kaɗan da abin da mai canki-canka zai samu. Maƙaryacin da ya shirya ya san abin da kake nema, saboda haka shi ne ma zai fi zuba maka ido.

Abin da ya faru da Malam yana da suna a Turance, "halo effect", tun 1920, lokacin da Edward Thorndike ya lura cewa hafsoshin soja in suka yaba wa soja a kan siffa guda, kamar kyan tsayuwa, sai su ba shi maki mai yawa a hankali da biyayya da shugabanci duka. Fara'a da Turancin saurayin nan su suka lulluɓe sauran, kyan ɗan maciji ke nan. Ina so zaure ya lura cewa duk alamun da Baba ya lissafa, babu ɗaya da ta shafi ido ko hannu. Dukkansu abin da mutum ya aikata ne ko abin da ya faɗa.

'Yar Yauri Mai Neman Aiki:

Iyayena, ku gafarce ni in sa baki, domin ni ce irin yarinyar da Malam ya ambata, ko da yake ba ni ba ce. Na gama karatu, na yi hidimar ƙasa, na shiga intabiyu sau huɗu ban samu ba. A gidanmu, tun ina ƙarama in na kalli mahaifina cikin ido yana magana sai an ce ba ni da kunya, an kira ni mai tsaurin ido. Kakata Bafulatana ce, a wajensu kunya tana cikin ginshiƙan pulaku, ko sunan ɗanta na fari ba ta kira. Da wannan tarbiyya na shiga ɗaki na tarar da maza huɗu sa'o'in mahaifina, sai na ga wani yana rubutu tun kafin in buɗe baki. Daga baya wani da ke cikin ofishin ya gaya mini an rubuta cewa ba ni da ƙarfin gwiwa.

Tambayar da ta fi ba ni wahala ita ce in aka ce in faɗi abin da na fi kowa iyawa. Mu an raine mu a kan yabon kai jahilci ne. In na ce "mun yi" ko "Allah ya taimaka aka yi", sau da yawa ni kaɗai na yi aikin, nauyin baki ne ya hana ni cewa "na yi". Don haka, Baba Darakta, da girmamawa nake cewa ma'aunin "ni" da "mu" zai iya cutar da irinmu. Akwai kuma harshe. In aka tambaye ni da Turanci, sai na juya tambayar a zuciyata, na shirya amsa, sannan na mayar, kuma wannan ɗan shirun ne ake ɗauka rashin sani ko neman ƙarya. Da za a ba ni littafin kuɗi da rasit a ce in daidaita su, ko a ba ni alli a ce in koyar, da an ga abin da bakina ya kasa faɗa.

Tsohon Daraktan Ma'aikata, Argungu:

'Yata, kin yi gaskiya, kuma na karɓi gyara. Abin da nake nufi shi ne mai sauya lafazi gwargwadon riba da asara. Wanda ya ce "mu" a nasara, sannan ya ce "ni na yi kuskure" a asara, wannan shi nake nema da fitila. Amma ban ɓoye miki ba, na san a shekarun nan akwai masu irin tarbiyyarki da kwamitinmu ya wuce su saboda shirunsu, kuma shiru-shiru ba tsoro ba ne.

Alhaji Ɗan Kasuwa, Jega:

Ni ban yi boko mai zurfi ba, ɗana ne ke rubuta mini wannan. Shekara fiye da 30 ina fataucin albasa da hatsi, daga Aliero da Jega zuwa kudu, kuma ban taɓa zaunar da yaro a kujera ina yi masa tambayoyi ba. Baki ba ya biyan bashi. In aka kawo mini yaro, da farko ina tambayar ɗan wane gida ne, wa ya tsaya masa. Sannan in aike shi da kuɗi in sa ƙari a ciki da gangan, in ga ko zai dawo da shi. In ya wuce wannan, sai in haɗa shi da mota zuwa Legas ko Onica. Kwana uku a kan hanya, ga zafi, ga lalacewar mota, ga albasa tana neman ruɓewa, a nan halin kowa ke fitowa. Direba zai dawo ya gaya mini ko yaron ya yi barci ya bar kaya, ko ya yi faɗa da 'yan dako, ko ya ƙara kuɗin da aka kashe a hanya.

Na ga masu zaƙin baki da yawa, Musa a baki Fir'auna a zuci. Yaron da ya fi daɗewa a wurina, wanda yau makullin sito ke hannunsa, ranar da aka kawo shi in'ina ta hana shi gama gaisuwa. Malam Shugaba, shawarata ka rage dogon zance, ka nemi wanda ya san gidan su yaron.

Malamin Zaure, Gwandu:

Bismillah. Alhaji, abin da kake yi yana da tushe mai ƙarfi a wajen magabata. An ruwaito cewa wani mutum ya zo yana yi wa wani shaidar kirki a gaban Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi. Sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun yi tafiya tare, ya ce a'a. Ya tambaye shi ko sun yi mu'amalar dinari da dirhami, ya ce a'a. Sai Umar ya nuna masa cewa wataƙila a masallaci kawai ya gan shi yana ɗaga kai yana sunkuyarwa, ya yanke cewa bai san shi ba. Maƙwabtaka, tafiya, da kuɗi, waɗannan su ne ma'aunan, kuma babu kallon fuska a cikinsu.

Alƙur'ani ma ya ja kunnenmu. A Suratul Munafiƙun, aya ta 4, Allah ya siffanta wasu mutane da cewa in ka gan su jikunansu za su burge ka, in suka yi magana za ka saurara. A Suratul Ƙasas kuma, aya ta 26, 'yar dattijon Madyana ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki saboda shi mai ƙarfi ne amintacce, kuma ta faɗi haka ne bayan ta ga yadda ya shayar musu da dabbobi da yadda ya yi mu'amala da su. Hadisin alamun munafuki guda uku, wanda ke cikin Buhari da Muslim, ya ambaci ƙarya a magana, saɓa alkawari, da cin amana, duka ayyuka ne da sai an zauna da mutum ake gani. Ban musanta firasa ba, Allah yana ba wasu bayinsa basirar gane mutane, amma malamai ba su yarda alƙali ya yanke hukunci da ita ba tare da hujja ba, kuma hana mutum abinci ko ba shi wani nau'in hukunci ne.

Sai dai ina da ja a wuri guda, Alhaji. Tambayar ɗan wane gida ne tana da amfani in manufarta a samu wanda zai ba da shaida, amma in ta zama ma'aunin hali sai ta rufe ƙofa ga maraya da baƙo da ɗan talaka. Annabi Musa ya isa Madyana ne baƙo, ba shi da kowa.

Alhaji Ɗan Kasuwa, Jega:

Akaramakallah, na ji, kuma ban ƙi ba. Amma ku masu albashi in yaro ya gudu da kuɗi akwai ofis da zai ɗauki asara, ni kuwa jarina ne. In na san gidansu, na san inda zan kai ƙara a sasanta ba tare da an je kotu ba. Maraya ma ina ɗauka, in limamin unguwarsu ko mai unguwa ya tsaya masa.

Malamin Asibiti, Zuru:

Ina gaida iyaye. Maganar Akaramakallah ta tuna mini da golmo a wajen mutanenmu na ƙasar Zuru, inda saurayi ke yin shekaru yana noma a gonar surukinsa tare da 'yan ƙungiyarsa kafin a ba shi mata. Duk ƙauyen na ganin wanda ke fitowa da asuba da wanda ke fakewa a inuwa. Ba ina cewa a mayar da ɗaukar aiki golmo ba, amma hikimar ita ce an ba lokaci dama ya yi shaida.

Abin da ya sa na shigo shi ne wani nau'in kasa mutane da muke yi ba tare da takarda ba. A kwamiti sai ka ji an ce Badakkare jarumi ne amma mai zafin kai, Bafulatani mai wayo ne, Bazabarme kaza ne, Bakabe kaza ne. Ana faɗa kamar barkwancin taubasai, amma yana shiga maki. Na taɓa zama a wani kwamiti inda aka ji lafazin wani saurayi a gaisuwa kawai, sai wani ya rubuta masa hali tun bai zauna ba. Jiha irin tamu, mai masarautu huɗu da harsuna masu yawa, yadda ake gaisuwa da ɗaga murya da tsayuwa gaban manya ya bambanta daga Zuru zuwa Illo. Mai tantancewa da ya ɗauki al'adar garinsu ma'auni zai riƙa karanta tarbiyyar wasu a matsayin aibi.

Shugaban Makaranta, Birnin Kebbi:

Na gode ƙwarai, ina rubuta komai. Malama, saura batun gidaje 16 ɗin nan. Takardar tana hannuna, har na yi niyyar raba wa masu zuwa ranar Asabar su cike. Sannan ni ba ni da motar albasa da zan haɗa malami da ita zuwa Legas, rabin awa kawai nake da shi da kowa. Yaya zan yi amfani da shi?

Malamar Kwalejin Ilimi:

Malam, ka ajiye takardar. Wannan gwaji wata mata Ba'amurkiya, Katharine Briggs, da 'yarta Isabel Myers suka tsara shi a shekarun 1940, bisa tunanin masanin halayya Carl Jung na 1921. Matsalarsa ita ce yana yanka mutane biyu-biyu, ko kai mai shiga jama'a ne ko mai keɓewa, alhali yawancin mutane a tsakiya suke, shi ya sa mutane da yawa in suka sake gwajin bayan 'yan makonni sai su faɗa wani gida. Kamfanin da ke buga shi ma ya bayyana cewa bai dace a yi amfani da shi wajen zaɓen ma'aikata ba.

Abin da masana suka fi amincewa da shi yau shi ne hali yana da manyan fuskoki 5, kuma kowa yana da rabo a kowacce, wani da yawa wani kaɗan. Akwai son sabon abu da faɗin tunani, akwai kula da aiki da cika alkawari, akwai sakin jiki da jama'a, akwai sauƙin kai, akwai kuma saurin shiga damuwa. Ga inda gizo ke saƙa: a gajeren zama, sakin jiki da jama'a shi ne ya fi saurin bayyana, amma binciken Barrick da Mount na 1991 ya nuna cewa kula da aiki da cika alkawari shi ne ke hasashen nagartar ma'aikaci a kusan kowane irin aiki, sakin jiki kuwa ya fi amfani a talla da shugabanci. Wato intabiyu yana haska abin da mai karɓar kuɗi bai cika buƙata ba.

Don in yi wa Baba adalci, kallon farko ba fanko ba ne. A 1993 Nalini Ambady da Robert Rosenthal sun nuna wa mutane bidiyon malamai na daƙiƙa 30 babu sauti, kuma makin da suka bayar ya yi kusa da wanda ɗaliban malaman suka bayar a ƙarshen zango. Sai dai abin da aka hasaso shi ne yadda ɗalibai ke jin daɗin malami, ba a auna amanarsa ba.

Game da rabin awarka, maganin shi ne tsari. Ka rubuta halayen da aikin ke buƙata tun kafin ka ga kowa. Ka yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a jere ɗaya. Ka tambayi abin da ya taɓa faruwa, misali ranar da kuɗi suka yi gibi a hannunsa, ko ranar da uban yaro ya zo da faɗa, sannan ka bi diddigi: yaushe ne, wa ke wurin, me ka ce, me ya biyo baya, wa zan tambaya ya tabbatar? Wanda ya rayu cikin abu yana da ƙananan bayanai, kuma ba ya jin tsoron a bincika. Kowane ɗan kwamiti ya ba da makinsa shi kaɗai kafin a tattauna, don kada ra'ayin babba ya rinjayi na ƙasa. A ma'aunin yadda intabiyu ke hasashen nagartar ma'aikaci, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 1, Schmidt da Hunter a 1998 sun ba intabiyu mai tsari 0.51, marar tsari 0.38. Da Paul Sackett da abokansa suka sake lissafin a 2022, sai suka samu 0.42 da 0.19. Ka lura ko mai tsarin bai kai rabin hanya ba a sabon lissafi, don haka gwajin aiki da binciken shaidu suna nan daram.

Tsohon Daraktan Ma'aikata, Argungu:

Malama, na gamsu da yawancin bayaninki, amma ina da tsoro guda. Yaran yanzu suna haddace amsoshin irin waɗannan tambayoyi daga intanet, har labarin ƙarya suna shiryawa. Kuma in kwamiti ya ɗaure kansa da takarda, zai iya rasa abin da ke fitowa in an saki hira. Sau da yawa a ƙarshen zama, bayan na rufe fayil na ce mun gama, a nan mutum ke sakin jiki ya faɗi abin da ya fi duk amsoshinsa nuna ko shi wane ne.

Wani abu kuma da na tuna. Wani Baturen Ingila da ya yi aiki a Arewa, Anthony Kirk-Greene, ya wallafa nazari a 1974 kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki, ya lissafa gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Na sake duba jerin a zuciyata yanzu, kunya tana ciki, iya zance ba ya ciki. Mu da muka gaji wannan ma'auni, mu ne muka zauna a kwamiti muna rage wa mai kunya maki.

Malamar Kwalejin Ilimi:

Baba, tsoronka yana kan hanya. Haddace amsa gaskiya ne, kuma bin diddigi ne ke karya shi, domin ana haddace labari amma da wuya a haddace amsar tambaya ta huɗu da ta biyar a kansa, balle in an ce za a kira wanda aka ambata. Hirar ƙarshe kuwa ban hana ba, roƙona kawai a rubuta maki kafin a fara ta, kuma in wani abu ya fito a cikinta a rubuta ainihin abin da mutum ya faɗa, kada a rubuta "bai kwanta mini ba". A nan ne muke ɗan bambanta da kai, Baba, domin kai shekara 35 ta gyara maka ido, Malam kuwa da sauran masu tasowa takarda ce za ta kare su.

'Yar Yauri Mai Neman Aiki:

Ina roƙon a ƙara abu biyu, in Malam zai yarda. A sa mace ko da guda ɗaya a kwamitin, kuma a ba mutum zaɓi ya amsa da Hausa a tambayoyin da ba na gwada Turanci ba.

Shugaban Makaranta, Birnin Kebbi:

Ƙanwata, na yarda da duka biyun. Ga abin da na tsayar. Mataimakiyata za ta zauna tare da mu. Kowane mai neman koyarwa zai shiga aji na gaske ya koyar na minti 15, mu kuma muna baya muna kallon yara, ko sun gane ko ba su gane ba. Mai neman riƙe kuɗi zan ba shi rasit 20 da shafin littafi wanda na sa kuskure biyu a ciki, zan kuma gaya masa a fili cewa gwaji ne. Tambayoyi biyar na rubuta, iri ɗaya ga kowa. Zan kira shaidu biyu na kowane mutum da kaina, in tambaye su tambayoyin Sayyidina Umar, musamman ta kuɗi. Wanda aka ɗauka zai yi zango guda na gwaji da cikakken albashi. Mai gadinmu dattijo ne, zan ji ta bakinsa kamar yadda Baba ya koya mana.

Akaramakallah, akwai abin da ya rage a zuciyata. Yarinyar bara, ya dace in neme ta in ba ta haƙuri, ko hakan zai zama tayar da abin da ya wuce?

Malamin Zaure, Gwandu:

Malam, ba ka ci mata haƙƙi da gangan ba, ka yi ijtihadi ne ka kuskure. Amma in zuciyarka ba ta natsu ba, ka aika ta hannun mataimakiyarka ko wani babba a gidansu, a gaya mata cewa akwai gurbi ranar Asabar in tana so, kuma ka sanar da mai kantin da take yi wa aiki tukuna, kada gyaran wani abu ya ɓata wani.

Tsohon Daraktan Ma'aikata, Argungu:

Malam, turo mini tambayoyin nan biyar da takardar maki yau da dare in duba. Ranar Asabar ina da ɗaurin aure a Birnin Kebbi da ƙarfe 11, in kun fara da ƙarfe 8 zan zauna muku a zaman mai karɓar kuɗi kafin in wuce. Ka tanadar mini takardar maki irin ta kowa, zan cike tawa kafin in ji ta bakin wani.